Figaggiyar Fara a Kwatano

Tun ranar da na dawo bakina bai huta ba. Ina zaune gaban kaskona a kasuwar Gummi, mai sayen fara sai ta karɓi ƙullinta ta ƙi tafiya. "Hajo, wai da gaske kin ga teku?" "Hajo, wai can mata ke tuƙa babur?" Shekaranjiya har mai ya ƙone mini ina ba wata amsa. To ga shi zan faɗa daga farko har ƙarshe, sau ɗaya tak, wadda ba ta ji ba ta tambayi wadda ta ji. Kuma har da wautar da na tafka zan faɗa, don na san ita kuka fi so.

Sai na fara da Dakta Balkisu, don in ba ita ba mi zai kai ni ƙasar Benin? 'Yar Anka ce, ta yi boko har ta ƙure shi, kuma duk karatun nan a kan ƙwari ta yi shi. Awo, ƙwari. Ranar farko da ta durƙusa gaban buhuna tana ɗaukar fara ɗaya ɗaya tana juya ta, na ce a raina, Allah sarki, ɗiyar mutane karatu ya taɓa ta. Ashe cikin masu irin aikinta sunanta ya yi nisa. Ta rubuta takardu da yawa, ana karanta su a ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba.

Abin da ya kawo ta wurinmu, daji ne ya ƙi shiguwa. Kun san dalili, ba sai na faɗa ba. Mai binciken ƙwari aikinsa yawon daji, ita kuwa ko hanyar Bagega ba ta isa ta bi yadda take so ba. Sai ta yi dabara. Ta ce tunda mata na fita da sanyin safiya suna kamun fara a gonakin bakin gari, ai duk abin da ke cikin ƙasa yana cikin buhunsu. Ta ɗauke mu mu uku: ni a Gummi, Kulu a Bukkuyum, Ige a Anka. Duk ranar kasuwa mu zazzage buhu, mu ware iri iri, mu gaya mata ta waya wace ta yi yawa, wace ta ragu, wace ba a gani ba sam. Shekara da shekaru muna haka. Da wannan ta gane irin da ke ƙarewa tun da feshin maganin ciyawa ya yawaita, da irin da ke cika gona in damina ta yi gardama. Har takan aika wa malaman gona su gargaɗi manoma tun fara ba ta faɗa wa gero ba.

Ta tattara duk wannan a wata babbar takarda da ta ce ita ce aikin rayuwarta. Sau biyu ana dawo mata da ita. Wani tsohon Farfesa ne a Kwatano ya tsaya mata a wuya, irin wanda in ya ce a'a a kan maganar fara babu mai cewa i. Ya ce matan kasuwa ba su san iri ba, iyakar saninsu mai daɗi da marar daɗi, don haka duk abin da aka gina a kan bakinsu iska ne. Da Dakta ta matsa, sai ya ce to ta kawo mace ɗaya da fararta wurin babban taronsu, a cakuɗa, ta ware a gaban jama'a, su kuma su duba da littattafansu. In ta yi daidai, ya janye. In ta kuskure, takarda ta mutu.

Ni aka zaɓa, don Ige na da tsohon ciki, Kulu kuwa warin fetur kaɗai ya isa ya sa ta amai. Maigidana ya yi kwana biyu yana cewa zai yi tunani. A na uku ya ce in tafi, amma in na ga shadda mai kyau kar in yi kamar ban gani ba.

To ga inda na tafka ta. Dakta ta bugo ta ce Kulu da Ige za su aiko da tasu farar, in haɗa da tawa, in busar, in zuba a bokiti mai murfi. Ita kullum daga bakin buhu take ɗiba, da fiffike da ƙafa da komai, bai taɓa zuwa ranta ta ce mini kar in taɓa ba. Ni kuma na dubi farar nan na ce, yanzu wagga za ni ɗauka in kai gaban manyan mutane a ƙasar wasu? Da fiffike, da ƙayar ƙafa? A ce matan Gummi ƙazamai ne? Ni da ko maƙwabciya ba na aika wa fara ba figa! Na kira Tumba da A'i, maƙwabtana, muka dafa ta da gishiri, muka shanya, muka yi kwana biyu cur muna figa. Ba mu bar fiffike ɗaya ba, ba mu bar ƙafa ɗaya ba. Ta fito jawur, tsaf, gwanin sha'awa. Abin da muka zubar kaji suka yi biki da shi. Na rufe bokiti na ɗaure da tsumma, ina jin kaina sosai.

Ranar tafiya ba mu yi sammako ba. Direbanmu, Malam Ɗanjuma, ya ce shi ba ya hawa hanyar nan sai ya ga motocin farko sun iso daga can ɓangaren, ya tambaye su lafiya. Muka tsaya bakin tasha har suka iso. Cikin mota ba mai magana sai salati, har muka wuce inda ake tsoro, sannan Ɗanjuma ya yi tari ya kunna rediyo. A Jega muka ci tuwon shinkafa muka yi azahar. Da muka hau gadar Kwara na riƙe kujera da hannu biyu. Ni da nake ganin gulbinmu shi ne ruwa! Dakta na ta dariya tana cewa in ajiye tsorona, akwai wanda ya fi wannan a gaba.

A boda, ɓangarenmu ba a daɗe ba. An tambaye ni sana'a, Dakta ta buɗe baki za ta ce mai taimakon bincike, na riga ta na ce mai fara. Mutumin ya rubuta yana murmushi. Ɓangaren Benin ne aka ce a sauke kaya duka. Wani jami'i mai tumbi, yana jin Hausa amma a karkace, ya karanta takardar izinin ɗaukar ƙwari da Dakta ta miƙa masa, ya nuna bokitina ya ce a buɗe. Na kwance tsumma da hannuna, na ɗaga murfi ina jiran yabo.

Yabon kuwa na samu. Ya ɗibi cikin hannu ya watsa a baki, ya lumshe ido, ya ce, "Hajiya, wannan aiki ne. Yaji ina?"

Sai Dakta ta leƙo. Dakta da kullum Hausar rediyo take yi, ranar nan ta gida ta fito mata.

"Inna... mi kinka yi?"

"Gyara na yi, ɗiyata."

"Ina fiffiken? Ina ƙafafun?"

"Kaji sun ci."

Wallahi sai ta zauna a ƙasa jikin tayar mota, da tufafinta masu kyau, ta dafe kai. Ta ce duk littattafan da Farfesa zai duba, da zanen fiffike da launin cikin cinya suke gane iri. Fara ba fiffike ba ƙafa, kuma an dafa ta duk ta koma ja, a wurinsu ba ta da suna. Ko na ware daidai ba mai iya cewa daidai ne. A aiko da wata daga gida kuwa ba zai yiwu ba, taro jibi ne, kuma lokacin fara ya kusan wucewa.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba. Na so a ce ta zage ni, amma ba ta zage ni ba. Ta tashi ta karkaɗe jikinta, ta ce wa Ɗanjuma mu tafi.

A garin Kandi muka tsaya shan mai. Shi ma abin kallo ne, don a manyan kwalabe suke jera fetur bakin hanya, ni na ɗauka man gyaɗa ne har na fara tambayar ko na bana ne. Can gefe na hango wata mata da daron fara, ba figa, da fiffikenta da komai. Murna ta kama ni. Na ja Dakta gefe na rage murya.

"Ɗiyata, Allah ya kawo mafita. Mu sayi wagga mu cika bokiti. Wa zai sani?"

Ta dube ni, idonta ja. Ta ce, "Ni zan sani, Inna. Na gaya musu farar Gummi da Bukkuyum da Anka zan kawo. In na yi ƙarya sau ɗaya, duk abin da kuka gaya mini tsawon shekarun nan ya zama ƙarya. Gara in faɗi da gaskiyata."

Na ce to. Kunya ta biyu ke nan a wuni ɗaya.

A Paraku muka sauka, a wani otal na wata mata Kirista mai fara'a, kowa na ce mata Madam. Ta rungume Dakta ta sumbace ta kunci biyu, ta juyo kaina, na yi baya na ce daga nan ma ya isa. Haka suke gaisawa, har maza da mata, ba ruwansu. Bayin ɗakin kuma famfo biyu gare shi. Na murɗa na hagu, ruwan zafi ya zubo mini a ka, na yi ihu na ce wuta. Madam ta sheƙo a guje, ta tarar da ni ɗaure da zane ina salati, ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Abinci kam ba laifi. Ta kawo sakwara da miyar gyaɗa da wani cuku na nonon shanu da Fulanin can ke yi, suna ce masa wagashi, a soya shi kamar awara. Na ce in na dawo sai na tambayi Fulaninmu dalilin da ya sa suka ɓoye mana wannan. Da safe aka kawo burodi dogo, mai tauri, in ka buga wa mutum a ka sai ya kai ƙara. Na jiƙa shi cikin shayi ya yi biyayya. Dakta kuwa ruwan shayin kawai ta kurɓa.

Maganar babur gaskiya ce. Da idona na ga mace, uwa kamata, da goyo a baya, da daron kifi a gaba, ta murɗa babur ta wuce mu. Ɗanjuma ya ce la'ilaha illallahu, ni kuwa na ce Allah ya ƙara mata ƙarfin hannu. A Kwatano 'yan kabu-kabu duk riga rawaya suke sawa, in danja ta tsayar da su sai ka ga titi ya cika maƙil da su. Garin zafi ne mai danshi, ka yi wanka ka fito kana zufa. Da na buɗe bokiti a masauki na taɓa, sai na ji farar ta soma laushi. Na shimfiɗa zanena a barandar bene na shanya ta. Mai sharar ɗaki ta shigo ta gani, ta ƙwalla ƙara ta jefar da tsintsiya. Su mutanen bakin teku ba su cin fara, amma na ga suna cin dodon koɗi, suna tsotsar ƙaguwa. Kowa dai da abin da uwarsa ta saba masa.

A wurin taro ne na san wace ce Balkisu. Tun daga ƙofa ake tare ta. Wannan ya miƙo takardarta ta sa masa hannu, wancan ya ce a ɗauke su hoto. Aka haɗa ni da wani mai bincike mutumin Maraɗi, Malam Isufu, shi ke juya mini abin da ake faɗa. Wata matashiya daga Burkina ta riƙe hannun Dakta ta ƙi saki. Malam Isufu ya ce tana cewa ne saboda takardun Dakta ita ma ta fara aiki da matan garinsu masu sayar da tsutsar kaɗanya. Na ce tsutsa? Ci suke yi? A'uzubillahi! Ya ce, "Hajiya, yi a hankali, abin da mutanen garin nan ke faɗa a kan fararki ke nan." Na yi dariya, amma nan take na tuna abin da ke cikin bokitina. Ashe ba takarda ɗaya na figa ba. Duk waɗannan da suka bi sawunta, in ta faɗi, su ma an samu abin gaya musu.

Dakta ba ta ɓoye ba. Kafin a zauna ta kai bokitin gaban Farfesa ta buɗe. Ɗan guntun tsoho ne, baƙi, mai sanƙo, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya rataye a wuya. Ya leƙa, ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya mayar. Ya ɗaga kafaɗa ya yi magana a taƙaice. Malam Isufu ya ƙi juya mini sai da na matsa. Wai ya ce, ya nemi a kawo masa shaida an kawo masa abincin rana.

Nan fa raina ya ɓaci. Laifi nawa ne, na yarda, amma ba a gabana za a yi wa yarinyar nan dariya ba. Na ce, "Malam Isufu, gaya mishi ni ban taɓa duban fiffike ba tunda nake. Fiffike abin zubarwa ne. A ba ni wuri in ware. Yadda za shi gane daidai ne ko ba daidai ba, wannan kuma shi ne Farfesa."

Tsohon ya cire tabarau ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce akwai hanya ɗaya da ta rage, mai wahala. Ƙarshen cikin namijin fara, in an buɗe an sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, kowane iri da siffar nasa, kuma dafuwa ba ta canza shi. Da Malam Isufu ya gama juya wannan yana kame-kame, na ja mayafi na rufe fuska. Tsoho da furfurar gemu, ashe abin da yake leƙe ke nan shekara da shekaru! Amma ya yarda, ko da yake na ga alama don ya gama da mu ne.

Suka kawo tebur da farin ƙyalle. Na ce ni ba na aiki a tsaye. Aka nemo tabarma da manyan farantai, na ce kuma a kashe na'urar sanyin nan, yatsuna sun ƙage. Na zauna na miƙe ƙafa a gaban zauren, mutane cike, har da masu leƙowa ta taga. Na yi bisimilla na zazzage bokiti.

Da yatsana ya taɓa ta farko, tsoro ya tafi. Ai ni a fige na san su. Babban yatsa nake sawa a ƙirji, tsakanin inda ƙafafun gaba suke. Wata tana da ɗan tsini a wurin, wata nata a lanƙwashe, wata sumul. Daga nan in shafa ƙeya. Akwai mai tudu kamar zankon zakara, akwai mai kwari wadda muke ce wa mai sirdi. Akwai doguwar fuska, akwai mai dunƙulallen kai. In na yi shakka in kai hanci, don ta fadama ko ta bushe ba ta rabuwa da warinta. Babe kam ko makaho ya san shi. Ina jefawa ina jefawa, na manta da su Farfesa, har na soma ɗan waƙe-waƙen da muke yi in muna figa. Da na ɗaga kai bokiti ya ƙare, ga tuli tuli jere a gabana.

Farfesa ya zagayo yana ƙirga tulin da yatsa. Ya duba takardar Dakta, ya sake ƙirgawa, sai ya yi dariya ya juya ga jama'a. Zauren ya ɗauki ƙus-ƙus. Malam Isufu ya sunkuyo ya ce, "Hajiya, an samu matsala. Tulinki ya ninka yawan irin da Dakta ta rubuta har sau biyu. Yana cewa ga abin da yake faɗa nan, kin raba abin da ba ya rabuwa." Na dubi Dakta, ta sunkuyar da kai tana murza yatsunta.

Na ce, "Ikon Allah! Shi a garinsu haɗa mata da maza ake yi a sayar? Tambaye shi."

Na ɗauki faranti ɗaya na ɗaga. Na ce waɗannan mata ne, masu ƙwai, su ne masu maiƙo, su manya ke saye. Waɗancan ƙanana mazansu ne, su ake ba yara. Ba mai hankalin da za ta zuba su awo ɗaya. Na jawo kowane farantin maza na ajiye kusa da na matansa, ina cewa ga mijin wagga, ga mijin wagga. Da na gama aka ƙirga gida gida, ya fito daidai da abin da ke takardar Dakta, ba ƙari ba ragi.

Dariyar Farfesa ta tsaya. Ya durƙusa a bakin tabarma, tsoho da shi, ya ɗauki mace ɗaya da namiji ɗaya ya daɗe yana kallo. Ya sa ɗalibansa suka kwashe farantan a hankali, kowane da lambarsa, suka shige ɗakin madubai.

Sauran wunin nan da safiyar washegari suna ciki. A lokacin ne Ɗanjuma ya kai ni na ga tekun da kuke ta tambaya. Ruwa ne ba tsallake, yana tasowa yana dukan ƙasa yana komawa, ga ƙara kamar ana sauke tirelar tsakuwa. Na ɗanɗana, gishiri ne zalla. Amma in gaya muku gaskiya ban ji daɗinsa ba, hankalina na wurin farantai. Shaddar maigidana ma ta farko da aka miƙo na karɓa.

Da hantsi aka aiko Farfesa na kirana, ni da Malam Isufu. Aka kai mu wani ɗaki mai sanyi, yana warin kafur, bango duk durowa ne tun daga ƙasa har sama. Kowace ka jawo, ƙwari ne a tsire da allura, jere, kowane da 'yar takardarsa. Farfesa ya jawo wata ta can ƙasa. Ya ce waɗannan duk mata ne da aka kamo daga ƙasashen arewa. Hanyar madubin nan a kan maza take aiki sosai, mata kuwa sukan yi kama da juna, don haka shekara da shekaru suna nan bai tabbatar da mazansu ba. Ya ce ko zan duba?

Na ce sai in taɓa. Ɗalibansa suka dubi juna, don ashe ba a taɓawa. Ya ce in taɓa. Na ce kuma fiffiken nan ruɗa ni yake yi, na sa yatsa na kare shi. Na shafa ƙirjin ta farko na ce wagga matar mai sirdi ce. Ta biyu ta fadama ce. Haka na bi su, na aurar da waɗanda na sani. Da na zo kan wata ƙatuwa mai kyau, na juya ta, na shinshina, na ce, "Wagga ba 'yar ƙasarmu ba ce. Ban san ta ba, ba ni yi mata ƙarya." Sai tsohon ya buga tafi ɗaya ya fashe da dariya, irin ta jin daɗi. Wai shi ya saka ta da gangan, daga wata ƙasa mai nisa ta fito, yana so ya ga ko zan ƙirƙiro mata miji.

Bayan azahar aka cika zaure. Aka zaunar da ni a layin gaba kusa da Dakta. Na kama hannunta na riƙe. Farfesa ya hau ya karɓi lasifika, Malam Isufu na raɗa mini daga baya.

Farfesa ya ce sun buɗe mazan duka. A cikinsu ɗaya tak ya faɗa farantin da ba nasa ba. Na ce a raina, na san shi, wani ɗan ƙanƙane ne da ya suɓuce mini lokacin da nake waƙa. Ya ce ɗalibansa, da fiffike da ƙafa da littafi a buɗe, sukan yi kuskuren da ya fi haka. Ya ce ya yi shekaru yana koyar da cewa ba a gane fara sai da fiffike, jiya wata mata daga Gummi ta nuna masa akwai littafi a ƙirjinta da bai taɓa karantawa da yatsa ba. Sannan ya juyo ya fuskanci Dakta, ya kira cikakken sunanta. Ya ce sau biyu ya mayar mata da takardarta, sau biyun shi ne bai yi daidai ba. Ya janye maganarsa a gaban kowa, kuma da hannunsa zai rubuta cewa a buga ta, a kuma gwada hanyarta a duk inda daji ya gagari masu bincike.

Zaure ya tashi tsaye da tafi. Dakta ba ta iya tashi ba. Ta kifa kai a kafaɗata tana kuka kamar ƙaramar yarinya, tana cewa, "Inna, ta wuce. Inna, ta wuce."

Ni kuma tafi bai ishe ni ba. Farin ciki ya cika mini ƙirji har ya rasa hanyar fita. Na manta da farfesoshi, na manta ƙasar wasu nake. Na miƙe, na kama hanci, na rangaɗa guɗa tun ƙarfina, irin wadda ake jiyowa daga wata unguwa. Masu tafi suka tsaya cak, wani Bature har ya dafe ƙirji. Sai daga can bayan zaure na ji an amsa. Yarinyar nan ce ta Burkina, ta saki tata. Wata dattijuwa 'yar Mali ta karɓa, wata kuma ta karɓa daga gefe, har zauren ya ɗauka. Dakta ta ɗago kai, fuska duk hawaye, ta dube ni. Ta share ido da bakin mayafi, ta miƙe tsaye a gaban duk manyan nan, ta kama hanci ita ma.